Marasa Muhalli a Gaban Shari'a: Gadon Dokar 1824

A wannan takarda muna so mu bi sawun tambaya guda: shin wanda ya rasa wurin kwana mai laifi ne, ko kuwa yana da haƙƙi a wuyan hukuma? Za mu fara da Ingila, domin daga can muka gaji dokokinmu na hana gararamba.

Da yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, sai sojojin da aka sallama suka cika titunan Ingila, ba aiki ba matsuguni. Maganin da majalisa ta kawo shi ne dokar 1824, wadda ta mai da bara da kwana a fili laifi. Watau aka ƙyale talauci aka kama matalauci. Wannan tunani ne Turawan mulki suka shigo da shi cikin kundin laifuffuka na 1916, sashe na 249 da na 250, kana ya sake ɓullowa a kundin Jihar Arewa na 1959.

A Ingilar kuwa al'amari ya juya. A 1966 wani wasan talabijin mai suna Cathy Come Home ya girgiza jama'a, kuma a 1977 aka yi dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa marasa muhalli gida. Sai dai ba kowa ba: masu 'ya'ya, da masu juna biyu, da raunana kamar tsofaffi aka fifita, muddin ba su suka jawo wa kansu rashin gidan ba. Gwauro mai lafiya, wanda shi ya fi kwana a titi, an bar shi a baya. Duk da wannan giɓi, a ganinmu nan ne mara gida ya tashi daga wanda ake tuhuma ya koma mai iya kai ƙara.

To, mu fa? A 1989 gwamnatin soja ta soke laifin gararamba, kuma a Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da shawarar cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka. Amma sassauta hukunci daban, ɗaukar nauyi daban. Tsarin mulkinmu na 1979, da na 1999, sun ambaci matsuguni a sashe na 16, sa'an nan sashe na 6 ya hana kotu ta saurari wanda ya zo neman haƙƙinsa a kai.