Shaida da rantsuwa a shari'ar gona: abin da tarihin Dakoro ke nunawa

Gabatarwa

Cikin wannan ɗan bincike za mu duba yadda ƙa'idojin shaida suka sauya a ƙasar Dakoro tun daga zamanin mulkin mallaka. Mun zaɓi shari'ar gona saboda a nan ne maganar mai shaida take iya raba iyali da abincinsu. Tambayarmu ita ce: maganar wa kotu ke karɓa, kuma da wane harshe?

1. Kalmomin da tushensu

Kalmomin shaida, hujja da alƙali duk aro ne daga Larabci, amma rantsuwa Bahaushiyar kalma ce, daga aikatau rantse. Tun kafin Musulunci ya game ƙasa Hausawa suna rantsuwa da aradu. Fiƙihun Malikiyya, wanda malamai ke karantarwa cikin Risala da Muhtasar, shi ya zo da tsari: kawo shaida yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan mai musu. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko mai shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. Akwai kuma hauzi: wanda ya riƙe abu shekara goma a gaban mai shi, mai shi kuwa ba dangi ba ne kuma bai yi magana ba, to ba a sauraren ƙara a kansa.

2. Zamanin kumandan

Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa, dokar 3 ga Disamba 1931 kuma ta sake tsara su. Kumandan ne shugaban kotu, da mataimaka biyu masana al'ada, da tafinta a tsakani. A 1946 aka karɓe shari'ar laifuffuka daga hannun waɗannan kotuna. Saboda haka lokacin da aka buɗe bariki a Dakoro a 1947, abin da ya rage wa al'ada shi ne aure, gado da gona. Mai shaida yana magana da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamajak, amma abin da ke shiga rajista Faransanci ne.

3. Bayan samun mulkin kai

Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta riƙe wannan gado: alƙali yana zama da masana al'ada biyu masu ba shi shawara. Abubuwa biyu suka ƙara wa shaida nauyi a Dakoro. Na farko, dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa wannan ƙasa ta wajen kwarin Tarka, manoma kuwa suka yi ta ƙetare ta. Na biyu, a 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce. Daga nan bambanci tsakanin aro, jingina da kyauta ya zama abin jayayya, alhali kuwa yawancin waɗannan ma'amaloli da baki aka ƙulla su, a gaban dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. In shaida ta ƙare sai a koma ga dafa Alƙur'ani, abin da mutane da yawa ke gudu ko da suna da gaskiya, don tsoron abin da zai biyo bayan zuriyarsu.

Dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta yarda da mallakar gado idan abin da ta kira mémoire collective, wato abin da jama'a ke riƙe da shi a ka, ya tabbatar da ita. Ta kuma kafa kwamitocin filaye masu ba da takarda. A ganinmu wannan ya yi kusa da shaidar ji da Malikiyya ta yarda da ita a kan daɗaɗɗiyar mallaka. Sai dai manomi yana iya nuna gamba da ya dasa a kan iyaka, makiyayi kuwa sawun dabbobinsa ba ya wuce damina ɗaya. Wannan giɓi ne dokar kiwo mai lamba 2010-29 ta 20 ga Mayu 2010 ta nemi cikewa.

4. Matsalar fassara

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma harshensa yana rarrabe su. "Na ga an ba shi gonar" dabam yake da "wai an ba shi gonar", dukansu kuma dabam suke da "mun tashi mun tarar yana nomanta". Na farko ganau ne, na biyu jiyau, na uku kuwa yana shaidar riƙo, bai ce komi ba a kan mallaka. In tafinta ya zubar da wai, jiyau ya koma ganau a kan takarda. Haka kuma aikatau ba: "ya ba shi gona" yana iya nufin kyauta, yana iya nufin aro, amma kalmar donner tana karkata ga kyauta. Kalma guda ke nan ta isa ta sauya mai gona.

Kammalawa

Mun ga cewa tsari uku ne suka hau kan juna a Dakoro: al'ada, fiƙihu da dokar Faransa, harshen rajista kuwa bai sauya ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci kuma harshen aiki. Muna ba ɗalibanmu shawara su halarci zaman sulhu a fadar Kornaka da ta Birnin Lalle, su rubuta maganar masu shaida yadda ta fito daga bakinsu, sannan su gwama ta da abin da aka sa a takarda.