Hasumiyar Gobarau da Ganuwar Ƙasar Katsina

A zamanin da, Hausawa ba su gina wa sarki shi kaɗai gidan tsaro na dutse a kan tudu, irin wanda sarakunan Turai suka saba yi. Garin ne duka ake mai da shi wurin tsaro. Sai a kewaye shi da ganuwa, a haƙa gwalalo a bayanta, a dasa sarƙaƙiya, a sa ƙyamare a ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta. A cikin ganuwa kuwa akan bar fili na noma da rijiyoyi, domin ko abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci da na sha. Wannan shi ake kira birni. A ƙasar Katsina babu ginin da ya ga sauyin zamani irin hasumiyar Gobarau, wadda ke tsakiyar birni. Labarinta kuma ba ya rabuwa da na ganuwar Katsina da ta ƙananan garuruwa irin su Kusada.

Asalin Gobarau masallaci ne. Ana jingina gininsa ga Sarki Muhammadu Korau, wanda ya kashe Sanau na zuriyar Durɓawa ya hau gadon sarauta, shi ne kuma ake ɗauka Sarkin Katsina na farko Musulmi. Gidan sarautar da ake kira Gidan Korau sunansa ya ci. Masana tarihi irin su marigayi Yusufu Bala Usman sun sa zamaninsa a ƙarni na 15. Akwai labarin da tsofaffi ke bayarwa, wai da aka zo aza harsashi sai malamai suka yi ta gardama a kan alƙibla, har wani baƙon malami, Malam Jodoma, ya nuna da sandarsa, jama'a suka hangi Ka'aba ƙuru-ƙuru. Aka ce Sarki ya naɗa shi limami, daga baya mahassada suka shiga tsakani, aka kore shi, ya koma Guga ta wajen Bakori, can ya rasu. Wannan labari dai na baka ne, amma yana nuna irin matsayin da Katsinawa suka ba wurin tun farko.

Ba a daɗe ba masallacin ya zama makaranta. A wajen shekarar 1493 Shehu Muhammadu al-Maghili ya zo ƙasar Hausa, ya zauna a Katsina da Kano. A wannan zamani ne kuma Jalaluddini al-Suyuɗi ya aiko da takardar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan Sudan, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a ciki. Bayansu aka yi Alƙali Aida Ahmad al-Tazakhti, wanda ya rasu a Katsina wajen 1529. A ƙarni na 17 kuwa aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Almajirai suna zuwa daga nesa neman fiƙihu da nahawu da tafsiri, fatake kuma suna zuwa daga Agadas da Gadamus da kayan Arewa. Ladan na hawa hasumiya ya kira salla, birni duka ya ji.

Amma wanda ya hau don kiran salla yana hangen abin da ke bayan ganuwa. Saboda haka hasumiyar ta sami aiki na biyu, watau tsaro. Katsina ta yi yaƙe-yaƙe da Kano da Gobir da Zamfara, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙurar dawaki takan tashi tun mahaya suna nesa. Mai gadi in ya hango ta sai ya ba da labari, a buga kuge, manoma su koro bisashe su shigo, a rufe ƙofa, 'yan baka su hau badala. Ana jingina faɗaɗa ganuwar birnin ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Daga cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka, da Ƙofar Guga, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa.

Da jihadi ya zo, Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807. Ya gina sabon masallacin Jumma'a, aka daina taruwa a Gobarau. To, ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kowace damina sai ta ci wani abu daga jikinsa, in ba a bi shi da yaɓe da rani ba, shekaru kaɗan sai ya zube. Haka masallacin da ɗakunan karatunsa suka narke, hasumiya kaɗai ta tsaya. Ita kuwa akwai sauran bukatarta, domin sarakunan Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi, daga can suka riƙa kawo hari kusan ƙarnin nan duka, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore.

Wannan rashin kwanciyar rai shi ya raya ganuwar ƙananan garuruwa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya sauka Katsina a watan Janairu na 1851. Ya ƙiyasta kewayen ganuwarta mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, domin ciniki ya ƙaura zuwa Kano, inda hari bai cika kai wa ba. Da ya tashi zuwa Kano ya bi ta Kusada, ya same ta gari mai kima, ganuwarta da sauran ƙarfi, cikinta cike da itatuwa. Ganuwa irin wannan ba ta tsayuwa sai da aikin gayya. Bayan an kawar da amfanin gona sai mai gari ya raba wa unguwanni, kowace da rabonta. Waɗansu su haƙo ƙasa, waɗansu su kwaɓa, waɗansu su yi tubali, magina su hau. Ba mai ƙin fita, don kowa ya san ransa da na iyalinsa yake yi wa katanga.

A 1903 Turawan Ingila suka iso. Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da yaƙi ba, ga ganuwa tsaye, ba ta hana komai ba. Da hari ya ƙare sai mutane suka fita suka kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu, aikin gayyar ganuwa ya mutu. Mai son gini ya ɗebi ƙasarta, mai son gona ya nome gwalalo. Hanyar mota daga Kano ta bi ta Kankiya da Caranci ta shiga birni ta Ƙofar Ƙaura, ayarin jakuna da raƙuma ya ragu har ya ɓace. Kankiya da Kusada yanzu kowace hedkwatar ƙaramar hukuma ce, girman gari kuma da kasuwa da makaranta da asibiti ake auna shi.

Gobarau ta tsira ne don an sake samar mata aiki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya gina sabon babban masallaci kusa da fada, a zamaninsa kuma aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ilmi ya koma wani gini dabam. Hasumiyar ba kiran salla, ba gadi, sai ta zama abin tunawa. A 1959 Gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta kare. Da aka yi Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, ta zama ɗaya daga cikin alamun da aka san jihar da su. Tsawonta a yau ƙafa 50 ne, watau kamar mita 15, 'yan makaranta da baƙi suna hawa matakalarta su hangi birni.

Ganuwa ba ta sami wannan gata ba. A wurare da yawa gidaje sun hau kanta, a waɗansu sai tudun ƙasa da sunan ƙofa. Na ƙauyuka sun fi shiga hatsari, domin ba mai zuwa kallonsu, dattawan da suka san inda kowace ƙofa take kuwa suna ƙarewa. Ya kamata hakimai da ƙananan hukumomi su sa a auna abin da ya rage, a zana taswirarsa, a rubuta sunayen ƙofofi daga bakin tsofaffi, a hana ɗibar ƙasa a wurin. Inda guntun bango ya saura kuwa, a ba magina na gargajiya su yaɓe shi kowane rani, kamar yadda kakanni suka yi.