Daga Ramin Kuza Zuwa Ajin Jami'a

Mu marubuta muna yawan kai jarumanmu karatun likita ko lauya, amma da wuya ka ga an ce saurayi ma'aikacin gidan tarihi ne. To wannan aiki yana da nasa labarin a Najeriya, kuma a wajen haƙar kuza ya faro.

A 1928 masu haƙar kuza a Nok, kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na yumɓu. Aka ajiye shi, ba wanda ya damu. Sai wajen 1943 wani kan ya sake fitowa a Jema'a, wanda ya same shi ma ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye! Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani Baturen mulki da ya karanta ilmin tonon kayan tarihi, sai ya lura da kamarsa da na farkon. Daga nan sunan al'adar Nok ya fito, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Fagg ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, na Legas ya biyo baya a 1957 ta hannun Kenneth Murray. Amma gini ba ya tsare kaya, sai da gwani. Wa zai hana gara cin sassaƙa, ko danshi ya lalata takardun ajami? Shi ya sa a 1963, da tallafin UNESCO, aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos, ana koyarwa da Turanci da Faransanci, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban. A 1968 Ekpo Eyo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci sashen kayan tarihi, a 1979 kuma aka mai da sashen hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Yau a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ana karanta wannan fanni har digirin digirgir. Sai dai mu a nan iyaye na hura hanci, wasu ma su ce ai aikin gadin gumaka ne. Ni ban yarda ba. Gidan Makama ba ɗakin tsafi ba ne, badalar Kano da ake yanka filaye a jikinta kuma ba gunki ba ce, kakanninmu ne suka ɗora ta da tubali.

Abin da ke ci mani rai shi ne, babban binciken Nok da aka fara a 2005 masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus ne suka ja ragamarsa, tare da 'yan ƙasa. Ban ga laifinsu ba, su suka zo da kuɗi da na'urorin auna shekaru. A Disamba 2022 Jamus ta fara dawo da tagullar Benin, nan take aka shiga tambayar ina za a ajiye su, su wa kuma aka horar da za su kula da su.