Nasara, Kirista ko Mai Bi: Sunayen Ƙaramar Ikilisiya a Jihar Tawa

Wanda ya taso daga Tamaske ya bi ta Keita da Buza har ya sauka Madawa, zai wuce masallatan da ba zai iya ƙirgawa ba kafin idonsa ya faɗa kan gicciye ko ɗaya. Ƙasar Adar ƙasar Musulmi ce, kuma a Nijar baki ɗaya Kiristoci ba su kai biyu cikin ɗari ba. Duk da haka suna nan. In ka kama babbar hanya daga Madawa ka nufi Birnin Ƙonni za ka iske Galmi, garin da ya yi suna da albasa da kuma likitar mishan da aka buɗe a 1950. A wannan yanki akwai 'yan ƙananan taron Kiristoci, wani wurin gida biyar, wani wurin goma, masu haɗuwa ranar Lahadi cikin ɗakin laka mai rufin kwano. Abin da ya daɗe yana ja mini hankali game da su shi ne sunayen da ake kiransu da su, da kalmomin da su kansu suke amfani da su.

Sunan da ya fi tsufa shi ne Nasara, ko Annasara yadda aka fi faɗa a Nijar. Daga Larabci ya zo, yana cikin Alƙur'ani, kuma yawancin masana suna danganta shi da Nazarat, garin da Annabi Isa ya tashi. Malamanmu sun san kalmar a littafi tun kafin su taɓa ganin mai ita. Da mai ita ya iso, sai ya zo da bindiga da haraji da aikin dole, shi ya sa a bakin Bahaushe Annasara ya koma nufin Bature, ko da kuwa bai taɓa taka ƙofar majami'a ba. Wannan nauyi ne ga manomin da aka haifa a kwarin Majiya, mai shan fura da nono, wanda kakansa da kakan maƙwabcinsa rijiya ɗaya suka haƙa. In ka ce masa Annasara ka mayar da shi baƙo a garin ubansa. Haka ma sunan ɗan mishan. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, daga baya ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Galmi, sannan likitar kutare ta Danja. Mutanen farko da suka karɓi addinin da yawansu ma'aikatan waɗannan tashoshi ne ko yaran da suka yi karatu a can, don haka sunan ya dace da zamaninsa. Amma tun farkon shekarun 1960 Kiristocin ƙasar suka kafa tasu ƙungiya, wadda ake taƙaita sunanta da EERN, shugabanninta 'yan ƙasa. Jikan da ake ce wa ɗan mishan yau wataƙila bai taɓa cin ko dala ta mishan ba.

Kirista kuwa suna ne da ba su ƙi ba, ko da yake shi ma asalinsa wasu ne suka laƙaba, a birnin Antakiya, kamar yadda littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labari. Sai dai na lura in suna magana tsakaninsu ba shi suka fi kamawa ba. Wata Lahadi bayan kaka na raka wani abokin aikina ƙauyensu don sunan ɗansa, na zauna a bencin baya har aka tashi. Da aka fito na tambayi wani dattijo ko su nawa ne Kiristocin garin. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, masu bi dai gida bakwai ne." Mai bi. Hausa ce tsantsa, babu Larabci ko Turanci a cikinta, kuma ba ta ɗora mutum kan wata ƙabila ko wata ƙasa. Aiki take faɗa, kamar mai noma ko mai ɗinki.

A wannan zama ne na shiga ƙirga kalmomi a zuciyata, kuma abin da na ji ya ba ni mamaki. Taron kansa sujada suke ce masa, alhali a kan benci suke zaune, ba wanda ya kai goshi ƙasa. An buɗe da addu'a, an yi wa'azi, an yi kira ga tuba, an karanta Zabura. Allah suke kira, kuma da sunan Allah fassarar Littafi Mai Tsarki ta fito tun bugun farko cikakke na 1932. Mabiyan Yesu goma sha biyu almajirai ne, kalmar da muke kiran yaran makarantar allo da ita. Waɗanda aka aika manzanni ne. Labarin da suka kai bishara ce, daga Larabci, 'yar'uwar albishir ɗin da muke yi wa juna muna jiran tukuici. Kashi ɗaya cikin goma da mai bi yake fitarwa daga amfanin gonarsa, da yawa zakka suke ce masa. In ka rufe ido a irin wannan wuri, rabin abin da kunnenka zai ji ka riga ka san shi daga zauren malam. Masu fassarar farko, irin su Likita Mila na Zariya, sun tarar da harshen da ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru yana magana kan Allah da lahira da hisabi, kuma da shi suka yi aiki.

Kalmar da ta fi daɗi a kunnena ita ce Ubangiji. Uban gida ce a tsohuwar siga, mai gidan da kowa yake ƙarƙashinsa. Musulmi yana faɗarta, Kirista yana faɗarta, kuma ba daga wani harshe aka aro ta ba.

Inda hanya ta rabu shi ne sunan Almasihu kansa. Musulmi ya ce Isa, mai bi ya ce Yesu. Ba dole ba ne a ce haka ta kasance, domin a ƙarni na 19 an yi wasu mutane a ƙasar Kano da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman har aka kashe shi a kan haka. Zuriyar wasu daga cikinsu ce ta nemi mishan na Zariya a 1913. Amma Yesu ne ya zauna a littafi da waƙa, ya zama alamar da ake gane mai magana da ita tun kafin ya gama jimla. A ganina wannan rabuwar suna ta yi amfani ta wani gefe, tun da ta hana ruɗani kan abin da kowane ɓangare ya gaskata, ta kuma yi hasara ta wani gefen, don ta sa mutane da yawa ba su san mutum ɗaya ake nufi ba.

Ɗakin da ake taruwa yana da suna fiye da ɗaya. Coci daga Ingilishi ta shigo ta Najeriya, kuma ita ce gidajen rediyo suka yaɗa. Majami'a tushenta ɗaya da jama'a da Juma'a, wurin haɗuwa ke nan. Ikilisiya kuwa daga Girkanci take, asalinta taron 'yan gari da aka kira su fito, kuma daga nan Faransanci ya samo tasa kalmar. Masu bi suna kiyaye bambancin nan sosai: majami'a gini ce, ikilisiya mutane ne. Ruwan sama yana iya rushe majami'a a watan Agusta, ikilisiya ta koma gindin bedi ta ci gaba da sujada. A Najeriya kalmar ta shiga sunayen manyan ƙungiyoyi, kamar Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya da Ekklesiyar 'Yan'uwa.

Shugabanni ma haka. Fasto aro ne, ma'anarsa makiyayi. Mai bishara shi ne wanda ake turawa ƙauyen da bai kai a ba shi fasto ba, yana noma gonarsa kamar kowa, mutanen gari suna ce masa Malam. Sai dattawan ikilisiya, sai magatakarda, sai Zumuntar Mata, wadda duk wanda ya san waɗannan wurare zai gaya maka ita ce ƙashin bayansu. Su ne masu waƙa da tulu da caki, su ne masu zuwa gaida mai jego da mara lafiya.

Labarin gari kuwa yana fitowa ne a lokacin da suke kira sanarwa. Ran da na je, magatakarda ya miƙe da wani littafin 'yan lakwal da ya sha hannu, ya karanto: wance ta sauka lafiya, ɗan'uwa wane yana kwance a Galmi, a riƙa tunawa da shi, samari uku sun tafi cin rani sun bar saƙon a yi musu addu'a, kwanon rufi na gefen gabas yana yoyo. Sannan aka kawo baiko. Kalmar nan da na sani wajen neman aure, a nan kyautar da ake miƙa wa Allah ce. Da yake lokacin godiyar kaka ne, ba kuɗi kaɗai aka kawo ba. Na ga damman hatsi huɗu jingine da bango, da ƙwaryar wake, da wata tsohuwa da ta taho a hankali ta ajiye zakara ɗaure da tsumma a ƙafa, ta koma wurinta.

'Yan Katolika suna da nasu tsari. Tun 2001 jihar Tawa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, tare da Damagaram da Difa da Agadas, kuma wanda ya fara riƙe kujerar, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso ne. Yankin da limaminsu ɗaya yake kula da shi suna kiransa parwas da Faransanci, Hausa ba ta yi masa suna ba. Na bi diddigin kalmar na tarar ita ma Girkanci ce, daga sunan mutumin da ya kafa gidansa kusa da na wani, wato maƙwabci, ko baƙon da ya zauna cikin mutanen da ba danginsa ba. Duka ma'anonin biyu suna nan a jihar Tawa, domin cikin masu zuwa sujada a garuruwa akwai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya, akwai kuma 'yan ƙasa haifaffun wurin.

Washegarin waccan Lahadi da sassafe aka yi sunan ɗan abokin aikina. Fasto ya yi addu'a ya raɗa wa yaro suna Ishaku. Ragon kuwa ba uban yaro ne ya yanka ba, ya aika aka kira mai gidan da ke jikin katangarsa, wani alhaji mai sayar da albasa, don kowa a unguwar ya samu ya ci. Alhajin ya zo da wuƙarsa naɗe cikin buhu, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya ce, "Ina maƙwabcin nawa? Allah ya raya."