Hasashen girgizar ƙasa da dalilin da ya sa masana ke ɗari-ɗari da shi

Ranar 3 ga Fabrairun 2023, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Frank Hoogerbeets ya wallafa a Twitter cewa ko ba daɗe ko ba jima za a yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki kusan 7.5 a yankin kudancin Turkiyya da Siriya da Jodan da Labanon. Bayan kwana uku girgiza mai maki 7.8 ta afka wa Turkiyya da Siriya, inda sama da mutum 50,000 suka rasu. Nan da nan saƙon nasa ya karaɗe duniya, jama'a na cewa ga wanda ya hango bala'in. Masana girgizar ƙasa kuwa ba su gamsu ba.

A wurinsu, kafin a kira magana hasashe sai ta faɗi abu uku: lokaci, wuri, da ƙarfin girgizar. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta ce har yanzu babu wanda ya taɓa cika waɗannan sharuɗɗa a kan wata babbar girgiza, ita kanta ma ba ta taɓa yi ba. Saƙon Hoogerbeets bai sa rana ba, kuma yankin da ya ambata yana kan tsagar ƙasa ta Gabashin Anatoliya, wadda masana suka daɗe da sanin haɗarinta. Shi ya dogara ne da yadda duniyoyin da ke kewaya rana suke jeruwa. Sai dai jan da duniyoyin nan ke yi wa tamu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na wata, kuma ko na watan ba a iya sa ranar girgiza da shi.

Akwai kuma batun lissafi. A kowace shekara ana samun girgiza mai maki 5 ko fiye sau 1,500 ko kusa da haka a faɗin duniya, masu maki 7 zuwa sama kuma kamar sau 15. Wanda ya riƙa shelar cewa za a yi girgiza a wani wuri cikin makon nan, da wuya ya rasa wadda zai nuna. Ranar da ya dace kowa zai ji, sauran ranakun da ya kuskure kuma ba mai ƙirga su. Masana dai dukansu suke ƙirgawa.

Iskar radon, wadda ke fitowa daga cikin duwatsu, ta fi taurari kama da kimiyya, amma ita ma ba ta kai labari ba. A watan Maris na 2009 wani ma'aikacin ɗakin bincike a Italiya, Giampaolo Giuliani, ya yi gargaɗin girgiza a garin Sulmona bisa awon radon. Hankalin mutane ya tashi, babbar girgizar ba ta zo ba. Ranar 6 ga Afrilu sai ta afka wa wani garin daban, L'Aquila, ta kashe mutum fiye da 300. Matsalar radon ita ce ruwan sama da sauyin yanayi ma kan ɗaga shi: yakan hau ba a yi girgiza ba, a kuma yi girgiza bai motsa ba.

Masu kare hasashe sukan kafa hujja da Haicheng a ƙasar Sin, inda aka fitar da jama'a daga gidaje kafin girgizar Fabrairun 1975. Gaskiya ne an ceci rayuka da yawa, kuma an ba da labarin macizai da suka fito daga ramukansu cikin hunturu. Amma abin da ya fi farkar da hukumomi shi ne jerin ƙananan girgiza da suka riga babbar. A Yulin 1976 girgizar Tangshan ta zo ba tare da irin wannan alama ba, ta hallaka aƙalla mutum 242,000. Su ma masanan Amurka sun gwada sa'arsu: sun ce za a yi girgiza a Parkfield ta jihar Kalifoniya kafin 1993, ba ta zo ba sai 2004.

Gargaɗin ƙarya yana da tasa ɓarnar. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, wani saƙon waya ya yaɗu a Gana cewa girgiza na tafe, mutane da dama a Accra da wasu garuruwa suka kwana a waje. Tsoron nasu yana da tushe, domin Accra ta sha girgiza mai kisa a 1939. Abin da masana ke gudu shi ne idan irin wannan ta yawaita, jama'a su daina sauraron gargaɗi ko da na gaske ne.

Abin da kimiyya ke iyawa a yau shi ne ta nuna wuraren da haɗari ya fi yawa cikin shekaru masu zuwa, don a yi gini mai jure girgiza. Akwai kuma na'urorin gargaɗin gaggawa a Japan da Meziko, waɗanda ke gano girgiza bayan ta fara, su aika saƙo kafin igiyarta mai rusa gini ta iso. A birnin Meziko, idan girgizar ta taso daga gaɓar teku, jiniya kan ba mutane kusan minti ɗaya su nemi mafaka.