Ilmin Mukallafi a Makarantar Sakandare: Lafiya, Mu'amala da Haƙƙin Ƙasa

Tun daga shekarar 2003, lokacin da Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da manhajar koyar da zaman iyali da kariya daga cutar ƙanjamau, wadda hukumar NERDC ta tsara, jayayya ba ta yanke ba a Nijeriya a kan abin da ya halatta malamin sakandare ya faɗa wa ɗalibansa game da jikinsu da kuma sha'aninsu da junansu. Daftarin farko, wanda ya fito da sunan ilmin jima'i tsirara, ya gamu da inkarin malaman Musulunci da na Kirista da na iyaye, har aka sauya masa suna, aka rage masa kaifi, aka kuma bar wa kowace jiha damar daidaita shi da al'adar mutanenta. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarni a cire wannan fanni daga manhaja, bisa hujjar cewa aiki ne na iyaye da malaman addini. Ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu sun ɓata shekaru suna muhawara a kan ko za a koyar, alhali mas'alar da ta fi cancantar bahasi ita ce wa zai koyar, da wane harshe, kuma a kan wane asasi.

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa magabatanmu ba su ɗauki wannan ilmi abin ɓoyewa ba. Littafin Ahalari, wanda ke cikin littattafan farko da ɗalibi ke buɗewa a fiƙihu, ya fara ne da abin da ya wajaba a kan mukallafi, sa'an nan ya shiga hukunce-hukuncen tsarki, da janaba, da haila, da biƙi, ba tare da kewaye-kewaye ba. Risala kuwa ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ta yi bayanin bambancin maniyyi da maziyyi filla-filla, mawallafinta ya bayyana cewa domin karantar da yara ya rubuta ta. Yarinyar da ta yi Islamiyya ta san cewa mafi tsawon hailar mai farawa kwana 15 ne a mazhabar Malikiyya, yaro kuma ya san alamomin balaga, ya san cewa in ba su bayyana ba, shekara 18 ce haddi a mashhurin zance. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarkinsu da sallarsu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru domin ilmin ya isa ga matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji. Saboda haka, mai cewa kunya ta hana a yi wa baligi bayanin jikinsa, ba daga waɗannan littattafai ya ɗauko hujjarsa ba.

Amma hujjar ministan tana da rauni ta wata fuskar, domin ta ɗora nauyi a kan iyaye ba tare da duban yadda gidan Bahaushe yake ba. A al'adarmu uwa ba ta ko ambatar sunan ɗanta na fari, balle ta zaunar da shi ta yi masa zancen mafarki. Wannan aiki na kaka ne, da gwaggo, da yayye, da abokan wasa, waɗanda alkunya ba ta ɗaure musu harshe ba. To, zaman birni ya wargaza babban gida, kaka tana ƙauye, gwaggo tana wata unguwa, yarinya kuma tana makarantar kwana ranar da ta fara ganin jini, ba ta da mai tambaya face ƙawarta ta gado ɗaya, wadda ita ma a waya ta tsinci abin da ta sani. Idan makaranta ta yi shiru, gida ma ya yi shiru, ba tsarkin zuciya ke cike gurbin ba. TikTok ne da hirar bayan aji.

Sa'an nan akwai al'amuran da littattafan fiƙihu ba su zo da su ba, domin ba a san su a zamanin mawallafansu ba, kuma jahiltarsu tana jawo mafsada bayyananniya. Alal misali, cutar sikila: idan namiji mai rukunin jini AS ya auri mace mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na haifar da mai SS, lissafin da ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai fahimta cikin darasi guda a kan allo. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, abin yabo ne. Sai dai gwajin da ake yi bayan an kai lefe, an sa rana, an buga katin gayyata, sau da yawa yakan zo a makare, domin a wannan matsayi zukata sun riga sun ƙulla, dangi sun kashe dukiya, kowa kuma neman fatawar da za ta ba shi mafita yake yi. Da an sanar da masu neman auren tun suna 'yan shekara 15, da tambayar ta zo tun farkon zance, kafin ta zama masifa. Haka sha'anin ƙwayoyi: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a rahoton shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da su, kuma a watan Mayu na wannan shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wa'azin cewa shaye-shaye haramun ne wajibi ne, amma bai wadatar ba ga yaron da bai san abin da tiramol ke yi wa ƙwaƙwalwa ba, bai kuma koyi yadda zai ce a'a ga abokin da ya miƙo masa kwalba ba tare da ya ji an mai da shi bagidaje ba.

Ilmin haƙƙin ƙasa shi bai gamu da irin wannan adawa ba, sai dai ya gamu da abin da ya fi adawa muni, watau hadda. An wajabta shi a babbar sakandare, hukumar WAEC ta fara jarraba ɗalibai a kansa a 2014, tun daga nan kuma ya zama fannin da ake samun maki da sauƙi: ɗalibi ya haddace rukunan gwamnati uku, ya jero haƙƙoƙin da ke babi na 4 na tsarin mulkin 1999, ya zuba su a takarda, ya manta. Yana iya faɗin cewa dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, bai taɓa ganin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa ba. Mafi tsanani, makarantar da ke karanta masa adalci da safe ita ce ke naɗa shugaban ɗalibai ba da shawarar kowa ba, ta ba shi bulala, ta kuma kau da kai ranar jarrabawa idan an tara kuɗin satar amsa; yaro kuwa, kamar yadda kowane mai tarbiyya ya sani, aikin malaminsa yake koyi da shi fiye da lafazinsa. A nan ma muna da gadon da muka yi sakaci da shi, domin Liya'ul Hukkami na Abdullahi ɗan Fodiyo da Usulus Siyasa na Muhammadu Bello duk bahasi ne a kan amanar mai mulki da haƙƙin talaka, kuma ɗalibin da ya ji cewa tuhumar shugaba a kan baitulmali tana da asali a wurin malamansa, ba zai ɗauke ta baƙon ra'ayi ba.

Abin da ya haɗa fannonin nan uku, a fahimtata, shi ne taklifi: ɗan sakandare mutum ne da alƙalami ya fara hawa kansa, jikinsa amana, abokin zamansa amana, ƙasarsa amana. Tsarin da ake bi kuwa ya yayyanka wannan ilmi ya rarraba shi cikin kimiyya, da nazarin zamantakewa, da tattalin gida, da motsa jiki, ta yadda kowane malami ke zaton ɗan'uwansa ne zai faɗi abin da ke da nauyi. Na ga ajin da malami, matashi ne da bai jima da gama hidimar ƙasa ba, ya iso babin balaga gaban ɗalibai maza da mata, ya rubuta kan darasin a allo da Turanci, 'yan bayan aji suka fara ƙyaƙyatawa, sai ya ce kowa ya karanta a gida, ya wuce babi na gaba. Ban ga laifinsa ba ƙwarai, domin ba a horar da shi ga wannan ba, kuma yana tsoron abin da za a kai wa iyaye.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar sabuwar doka. A keɓe wa darasin sa'arsa a jadawali, a raba maza da mata a babukan da suka shafi jiki, mace ta karantar da mata, namiji ya karantar da maza. A yi bayanin da harshen da ɗalibi ke tambaya da shi, ko da jarrabawar da Turanci za a yi. A haɗa malamin kimiyya da malamin addini da ma'aikaciyar asibitin unguwa su tsara abin da za a faɗa, a kuma karanta wa ƙungiyar iyaye da malamai shi tun farkon zango. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ladabi ne kawai ba: jama'ar da ta ga abin da gwajin maganin Trovan ya haifar a Kano a 1996, ta kuma ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 har sai da aka shigo da sarakuna da malamai cikin lamarin, ba za ta karɓi manhajar da aka rubuta a bayan idonta ba, komai ingancin abin da ke ciki. Kwalejojin horar da malamai su ne ya kamata su fara, domin a can ne za a samar da wanda zai iya tsayawa gaban aji ya gama babin.