Dashen Rassa: Yadda Sana'ar Faci Ta Rayu a Cikin Git

Mai rubuta manhaja yakan ɗauko aiki babba ya yanka shi gida uku don masu bita su iya karantawa. Kashi na farko ya ajiye shi a reshe guda, na biyu ya ɗora shi a kan na farko, na uku kuma a kan na biyu, kamar jeren ƙwarya a ɗakin amarya. Sai mai bita ya ce a gyara wani abu a kashin farko, ko kuma babban reshen da kowa ke aiki a kai ya yi gaba. Nan take rassan sama su zama marayu, suna tsaye a kan tushen da ba shi ne tushe ba yanzu, dole a tumɓuke su a dasa a sabon wuri. Umarnin da ke wannan aiki a manhajar Git sunansa rebase, kuma babu kalmar Hausa da ta dace da shi kamar dashe, irin wanda mai lambu ke yi wa albasa. Da yawa suna ɗaukar wahalar wannan dashe a matsayin alhakin wanda ya tsiri jera rassa, wasu ma suna ganin dashen kansa ha'inci ne ga tarihi. Tarihin sana'ar ya nuna akasin haka. Jera gyare-gyare ɗaya bisa ɗaya ya girmi Git da shekaru masu yawa, wahalar kuma ta samo asali ne daga karon wannan tsohuwar al'ada da sabon tsarin ajiya da ya zo ya same ta.

Asalin al'adar shi ne faci. A 1974 Douglas McIlroy na ɗakin binciken Bell a Amurka ya fitar da manhajar diff, wadda ke kwatanta rubutu biyu ta nuna layukan da suka bambanta. A 1985 Larry Wall ya rubuta abokiyar tafiyarta, patch, wadda ke karɓar wannan bambanci ta ɗinka shi a jikin wani kwafin. Hikimar Wall ita ce facin ba ya dogara da lambar layi kaɗai. Yana ɗauke da 'yan layukan da ke kewaye da wurin gyaran, don haka ko rubutun ya ɗan gusa, zai laluɓo gurbinsa. Faci ba shi da uba. Duk rigar da ya dace da ita, nan ne gidansa. Da wannan kayan aiki aka gina manhajar Linux tun daga 1991, lokacin da Linus Torvalds ya fara shi a Helsinki, har zuwa 2002: mutane su aiko da faci ta imel, shi ya karanta, ya ɗinka ko ya watsar. A nan ne ladabin sana'ar ya kafu, cewa kowane faci ya yi abu guda, ya zo da bayanin dalilinsa, kuma idan aikin babba ne a aiko shi a jere, na ɗaya cikin bakwai, na biyu cikin bakwai, kowanne yana hawa kan na gabansa. In aka soki na uku, mai aikin ya gyara shi ya sake aiko da jerin gaba ɗaya a matsayin zubi na biyu. Andrew Morton, wanda ya riƙa ɗawainiya da ɗaruruwan faci a lokaci guda, ya rubuta wa kansa 'yan rubutattun umarni don tafiyar da su, daga cikinsu ne Andreas Grünbacher ya fitar da manhajar quilt. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Sake zubi shi ne aikin.

Daga 2002 Linux ya koma amfani da BitKeeper, manhajar ajiya ta kamfanin Larry McVoy, har aka ɓata a Afrilun 2005 aka janye izinin amfani da shi kyauta. Cikin 'yan kwanaki Torvalds ya fara Git, kuma ya gina shi a kan wani tunani da ya saɓa wa na faci. A Git kowace ajiya, wato gyaran da aka adana, tana da hatimi, haruffa da lambobi 40 da ake lissafowa daga abin da ke cikinta, da sunan mai ita, da lokaci, da kuma hatimin ajiyar da ta gabace ta. Wato kowace ajiya tana ambaton ubanta, salsala ce da ba a iya cire mutum ɗaya daga tsakiyarta ba tare da sunan duk zuriyar da ke ƙasa ya canza ba. Wannan ne ya ba Git amincinsa, domin ba a iya taɓa tsohon tarihi a ɓoye. Amma mutanen da za su yi amfani da shi su ne dai masu facin nan da suka saba sake zubi sau biyar kafin a karɓa. Junio Hamano, wanda Torvalds ya miƙa wa ragamar Git a Yulin 2005, shi ya rubuta rebase a wannan shekarar, kuma yadda umarnin ya daɗe yana aiki shi ne babbar shaida a wannan magana: yakan mayar da ajiyoyin reshe su koma faci, sa'an nan ya ɗinka su ɗaya bayan ɗaya a kan sabon tushe, kamar dai an aiko su ta imel. Sai a Git 2.26, a 2020, aka sauya wannan hanya ta asali da wata. A 2007 Johannes Schindelin ya ƙara nau'in dashen da ke buɗe wa mutum jerin ajiyoyinsa ya sake musu tsari, ya haɗe biyu, ya jefar da ɗaya. Aikin quilt ke nan ya shigo gidan Git da sabuwar riga.

Matsalar rassa masu hawa-hawa daga nan ta fito. Reshe a Git ba wani abu ba ne illa suna da ke nuni ga ajiya guda. Bai san cewa a kan wani reshe aka ɗora shi ba. Idan aka dasa na ƙasa, ajiyoyinsa sun sami sabon hatimi, na sama kuwa yana nan riƙe da tsofaffin, Git kuma ba shi da wata alama tabbatacciya cewa tsohuwar ajiya da sabuwa gyara ɗaya ne, sai in facinsu ya zo daidai. Shekara da shekaru maganin shi ne mutum ya tuna wa kansa inda kowane reshe ya fara, ya yi amfani da zaɓin --onto ya ce a yanko daga nan zuwa can a dasa a wuri kaza, reshe bayan reshe, yana warware saɓani iri ɗaya sau biyu ko uku. GitHub, dandalin ajiye ayyukan Git a intanet, wanda ya buɗe a 2008, ya ƙara wa abin nauyi, domin ya mayar da reshe guda ma'aunin bita, ba faci guda ba. Da ya kawo maɓallin dunƙule reshe ya zama ajiya ɗaya a 2016, sai ya zama da zarar an karɓi kashin farko, ajiyoyinsa na asali sun ɓace daga babban reshe, na biyu kuma ya wayi gari yana ɗauke da kayan da aka riga aka sauke. Wuraren da suka riƙe ma'aunin faci ba su sha wannan wahala haka ba. Gerrit, wanda Shawn Pearce ya gina a Google don aikin Android, yana liƙa wa kowane gyara lambar shaida a cikin bayaninsa, wadda ba ta canzawa ko sau nawa aka dasa shi. Phabricator na Facebook ma gyara-gyara ya riƙa bita. Git kansa sai a Oktoban 2022, a fitowa ta 2.38, ya sami zaɓin --update-refs na Derrick Stolee, wanda ke jan sunayen rassan tsakiya su bi dashen. Shekara 17 kafin kayan aikin ya yarda da abin da masu shi ke yi tun ranar farko.

Suka mafi ƙarfi ta fito ne daga D. Richard Hipp, mai manhajar SQLite, wanda ya gina tasa manhajar ajiyar mai suna Fossil ya kuma ƙi sa dashe a cikinta da gangan. Hujjarsa ita ce tarihi ya kamata ya nuna abin da ya faru, ba abin da mutum ya so a ce ya faru ba, kuma dashe haɗewa ce da ta mance da ɗaya daga iyayenta. Maganar tana da nauyi, sai dai ta ɗauka cewa akwai wani ɗanyen tarihi da dashe ke ɓatawa. Babu shi. Mai rubutu shi ke zaɓar lokacin da zai yi ajiya, da abin da zai sa a ciki, kuma kuskuren da ya goge kafin ya ajiye ba wanda zai taɓa ganinsa. Tace tarihi ya riga ya fara tun kafin a zo batun dashe. Abin tambaya shi ne wa ake tace wa. Mai bita yana bukatar jeren da zai bi da hankali, wanda kuma zai zo bayan shekara biyar yana farautar inda cuta ta shiga da umarnin bisect, mai raba tarihi biyu-biyu har a kama ajiyar da ta jawo ta, yana bukatar kowace ajiya ta iya tsayawa da ƙafarta. Ajiyar da ke cewa an gyara kuskuren jiya ba ta amfanar ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wata sukar da dole a amsa mata da to. Ajiyar da aka dasa sabuwa ce, ba a taɓa gwada ta a sabon tushen ba, ko da tana ɗauke da tsohon kwanan wata. Kuma idan wani ya riga ya ɗora aikinsa a kan reshen, dashe ya janye masa tabarma. Torvalds kansa ya sha faɗa da masu kula da sassan Linux a kan haka, ƙa'idarsa kuwa ita ce mutum ya tsabtace nasa tarihin yadda ya ga dama kafin ya fitar, amma kada ya taɓa na wani, kada kuma ya sake rubuta abin da jama'a suka riga suka gina a kai. Wannan iyaka ce, ba haramci ba, kuma ita ce iyakar da ke tsakanin zubin faci da abin da aka riga aka ɗinka tun zamanin imel. Kayan kariyar da aka yi ta ƙarawa duk a kan wannan iyaka suke: --force-with-lease a 2013, wanda ke ƙin tura reshe in wani ya taɓa shi a bayan idonka, da range-diff a 2018, wanda ke kwatanta zubi na ɗaya da na biyu faci da faci, abin da masu bitar Linux ke yi da ido tun da can.

Mai cewa a daina jera rassa gaba ɗaya, a jira a karɓi na farko kafin a fara na biyu, yana neman ɗayan biyu ne: ko mai aiki ya zauna hannu rabbana har bita ta zo, ko ya tara komai a reshe guda mai layi dubu da ba wanda zai karanta da gaske. Sababbin manhajojin ajiya ba su bi wannan shawara ba. Sapling, wanda Meta ta saki a Nuwamban 2022, an gina shi ne a kan jeren ajiyoyi. Jujutsu na Martin von Zweigbergk ya ba kowane gyara suna biyu, hatimin da ke canzawa da lambar shaidar da ba ta canzawa, kuma in aka taɓa na ƙasa, shi da kansa yake dasa duk na sama, har ya yarda a ajiye saɓani a warware shi daga baya. Yana yin haka ne a kan ma'ajiyar Git ɗin nan dai, ba tare da ya taɓa salsalar hatimin da Torvalds ya kafa a 2005 ba.